Kunnen Dama na Ustad Bakht Zamin

Daga Allah muke, kuma gare shi makomarmu take. Ranar Talata, tara ga watan Safar, da hantsi, Allah ya karɓi ran Ustad Bakht Zamin a bakin garejinsa da ke hanyar Bannu, a nan Kohat, yana da shekara sittin da huɗu. Bai yi jinya ba. Da kayan aiki a jikinsa ya tafi, da baƙin mai a hannu. An yi masa sutura bayan la'asar a maƙabartar ƙauyensu. Ni ne Sherbaz, na yi shekara ashirin da biyu ina aiki a ƙarƙashinsa. Kwana ukun da aka yi ana zaman makoki na kasa buɗe baki, shi ya sa na ɗauki alƙalami, don akwai maganar da ta tsaya mini a ƙirji.

Ustad, da kai zan yi maganar, kamar yadda muka saba in aiki ya lafa mun zauna a gadon igiya muna shan koren shayi. Ba zan rubuta cewa kai mutum ne mai sanyin hali ba, don in na rubuta haka duk hanyar Bannu za ta ce Sherbaz ya yi wa mamaci ƙarya. Kana da zafi. Sau biyu ka jefe ni da sifana, ɗaya ta same ni a ƙwauri, tabon yana nan har yau. Ka taɓa korar wani attajiri da tsumman baƙin mai saboda ya danna maka hon kana salla. Amma ban taɓa ganin wanda ka yi wa faɗa da safe ya wuce azahar bai ci gurasarka ba.

Na zo maka daga Hangu ina ɗan shekara ashirin da uku, ba uba, ba sana'a, sai ƙarfi da taurin kai. Ka juya tafin hannuna ka duba, ka ce hannun ɗaukar buhu ne amma za a gwada. Bayan shekara huɗu kai ka naɗa farin rawaninka ka je neman aurena, ka zauna a gaban dattawa ka ce ni ɗanka ne, duk abin da na yi a tambaye ka. Na ɗauka magana ce irin ta wurin neman aure, ban san wata rana za a zo a tambaye ka ɗin ba.

Abin da aka san ka da shi daga nan har Bannu shi ne kunne. Direba zai shigo yana haki, ya ce injinsa ya tashi aiki, sai ka ɗaga masa hannu ka ce ya rufe baki ya bar motar ta faɗi nata. Sannan ka jero masa tambayoyinka da na haddace kamar karatu. Yaushe take kuka, a tsaye ko a tafe? Da sanyin safiya ko sai ta yi zafi? In ka taka totur ko in ka saki? A hawa ko a gangara? Daga nan ka ɗauko sandarka, wani siririn ƙarfe mai tsawon kamu ɗaya da rabi da ka kafa wa dunƙulen katako a kai. Ka ɗora bakin ƙarfen a jikin inji, ka manna katakon a kunnenka na dama, ka lumshe ido. Na hagun kana barinsa a buɗe. Kakan ce na dama na mota ne, na hagu na duniya.

Na tuna wani malamin makaranta da ya zo da 'yar tsohuwar motarsa, ido ya yi ja, washegari zai kai mahaifiyarsa asibiti a Peshawar, an kuma ce masa sai an sauke inji. Ka shiga ramin duba mota ka daki salansa da dunƙulen hannu sau biyu. Ashe kwanon da ke kare zafin salansa ne noti ɗaya ya ci tsatsa ya sake shi, da an taka sai ya kama rawa. Ka sa masa wani notin, ka tura aka kawo shayi, ka ce ya gaishe da tsohuwa. Na tuna kuma direban bas ɗin nan da injinsa ke ƙwanƙwasa a kowane hawa, yana rantsuwa an yi masa baki. Ka buɗe tanki ka shinshina, ka ce, “Ɗan'uwa, wannan man jarkar da kake sha mata, ko jaki ka ba wa sai ya yi tari.” Bai sake sayen mai a bakin hanya ba, ƙarar kuma ba ta dawo ba.

Wannan duk kowa ya sani. Abin da ya faru shekara shida da suka wuce ma an sani, amma kowa da yadda yake ba da shi a wurin mai shayi. Ni ne na durƙusa a wurin, don haka zan faɗe shi yadda ya auku.

Malik Zarmast ya yi shekara goma sha tara yana gaba da 'ya'yan baffansa a kan gona da ruwan da ke shayar da ita. Kaburbura biyar gabar ta ci. Na ƙarshe na ƙanensa ne, wanda aka ɗaure wa abu a ƙarƙashin mota, ya murɗa makulli a ƙofar gidansa, abin da aka tattara aka binne bai cika mayafi ɗaya ba. Tun daga ranar ba ya shiga mota sai an leƙa ƙarƙashinta da madubi. Ranar wata Laraba direbansa Tajbar ya kawo farar jif ɗinsa, na canja mata kuloci da hannuna. Ranar Juma'a aka kawo amaryar babban ɗan Malik. Ranar Lahadi motar ta fara kuka. Da Tajbar ya taka sai a ji kar-kar-kar daga gaba, kamar tsakuwa a gwangwani, da ya saki sai tsit. Suka kai wa makanikai biyu, ba wanda ya ga komai. Sai wani mai neman fada ya tuna wa Malik cewa surukata, mahaifiyar matata, a gidan baffan nasa aka haife ta.

Ranar Alhamis da hantsi ina ƙarƙashin wata tasi, sai na ji an kama ƙafafuna an fizgo ni. Kafin in ga fuskar kowa gindin bindiga ya sauka a bakina. Haƙora biyu suka zube, leɓena na sama ya tsage har kusa da hanci. Su biyar ne, yaran Malik. Suka taka ni a ciki da haƙarƙari har na amayar da karin kumallona. Ɗaya ya take hannuna na dama a kan dutsen bakin rami, wani ya ɗauki sifana mai lamba ashirin da biyu, tawa ce ma, ya farfasa mini yatsu biyu. Malik yana tsaye a kaina yana maimaita tambaya ɗaya, me na sa masa a mota, me kuma 'ya'yan baffansa suka yi mini alkawari. Maƙwabtanmu duk suka ja ƙofofin shagunansu. Ban ga laifinsu ba a lokacin, amma ban manta ba.

Sai ga ka daga masallaci, inda ka je jana'izar wani, rawani a kafaɗa. Ba ka yi gudu ba. Ka ratsa ta tsakiyarsu ka tsaya tsakanina da shi.

Ka ce, “Malik, sannu da zuwa. Mota ka kawo ko yaƙi? In mota ce ga rami nan. In yaƙi ne ka yi ɓatan hanya, nan gareji ne.”

Ya ce, “Ustad, matsa, ba da kai nake ba. Kare kake kiwo, ya je ya ci tuwon wani gida.”

Ka ce, “Duk notin da aka ɗaure a garejin nan ni na ɗaure shi, ko da hannun wa aka ɗaure. Ba ni zuwa la'asar. In aka yi kira ban nuna maka abin da ke kuka ba, ko na nuna maka ya zama aikin Sherbaz ne, ga shi ga ni, ka haɗa mu biyu.”

Sannan ya ce, “Kira fa, ba tayar da salla ba.” Ka ce ka ji.

Suka ɗaure ni da tsohon fanbel a jikin ginshiƙi, jini yana zuba a rigata. Daga nan na kalle ka kana aiki kamar motar malamin makaranta ce. Ka sa Tajbar ya tayar, ya taka a tsaye, ba ta ce uffan ba. Ka shiga rami ka bi salansa daga kai har wutsiya kana duka, ka girgiza kwanon kare zafi, ka sa ƙarfe ka ɗaga inji ka duba robobin da yake zaune a kai, ka murɗa farfela. Ka kwance fulogi ka duba bakinsu, ka shinshina mai. Ka bi kowane noti na kulocin da na ɗaura, ɗaya bayan ɗaya, kuma na ga yadda ka sauke numfashi da ka iske su daram. Aka kira azahar ba ka samu komai ba. Ka wanke hannu ka yi salla a kan kwali, ka ɗebo ruwa ka wanke mini baki, ka ce da ni a hankali, “Ka yi abin?” Na girgiza kai. Ka ce, “To daina kuka, kana hana ni ji.”

Ka ce da Malik motar ba za ta yi magana ba sai an ɗora mata nauyi, sai an hau tsohuwar hanyar dutsen Kotal. Ya ce shi ba zai shiga ba. Ka ce ai ba sai ya shiga ba, a sa Sherbaz a baya, in ya san abin da ya dasa za a gani a fuskarsa. Wannan ta yi masa daɗi. Aka jefa ni kujerar baya da mutum ɗaya riƙe da bindiga a haƙarƙarina, kai kana gaba, Malik da sauran suna binmu a wata motar, nesa sosai.

Muna fara hawa ta kama, kar-kar-kar. Ni kaina ban taɓa jin irinta ba. Ka dunƙule a ƙasan kujera, kanka a ƙarƙashin dashbod, sanda a kunne, kana ba da umarni. “Taka. Saki. Taka kuma. Haba Tajbar, taka mana, ƙafar amarya gare ka?” Sau biyu muka hau muka sauko. A saukowa ta biyu Tajbar ya taka birki a wata kwana, sai aka ji wani ɗan sululu, gajere, kamar abu ya gangara gaba. Ka ɗago kai ka ce, da kanka kake magana, “Wannan ba sassautawa ya yi ba. Ba ma na motar ba ne. Baƙo ne, yawo yake.”

Da ka san Tajbar yana saurare da ba ka faɗa da ƙarfi ba. Muka sake hawa, muna tsayawa a filin da ke saman hawan ya ruga ya gaya wa Malik cewa Ustad da bakinsa ya ce an sa wani abu a motar. Suka jawo ni ta gashi, suka durƙusar da ni a bakin kwazazzabo, Malik ya karɓi bindiga a hannun yaronsa ya kafa mini bakinta a ƙeya. Na ji sanyin ƙarfen. Na yi kalmar shahada da tsagaggen baki, na kuma jiƙa wandona. Shekara shida ban gaya wa kowa wannan ba, kai kuwa da ka gani ba ka taɓa tayar da zancen ba.

Ka kafa sandarka a ƙasa ka nuna masa inuwarta, don a nan sai inuwa ta ninka tsawon abu ake kiran la'asar. Ka ce, “Ba ta ninka ba tukuna, Malik. Kai ka ce kira. Ko maganar gidanku ta fara sauka kafin lokacinta?” Ya ɗaga bindigar daga ƙeyata, amma bai bar ni na tashi ba.

Ka kwance bonet ɗin gaba ɗaya ka jingine shi da dutse. Ka hau ka zauna a gefen inji, ƙafafu a ciki kusa da batir, hannun hagu riƙe da ƙarfen gilashi, sanda a kunnen dama, ka ce Tajbar ya ja. Daga inda nake durƙushe na ga dattijo mai shekara hamsin da takwas a kan buɗaɗɗen inji, mota tana hawa da shi a bakin kwazazzabo, fanka tana juyawa tazarar taƙi ɗaya daga gwiwarsa, iska tana kaɗa gemunsa. Na ga sandar tana tafiya. Ta bar kan inji, ta koma bangon da ke bayansa, ta yi sama, ta yi sama, har ta tsaya a gindin gilashin gaba. Sai ka ɗaga hannu.

Da aka dawo da motar ka cire waifa biyu, ka ɗaga baƙar robar da ke rufe magudanar ruwa a gindin gilashi, wadda dama ta tsage a kusurwa ɗaya. Jaruman da suka farfasa mini yatsu da safe duk suka ja da baya suka laɓe a bayan duwatsu. Ka zura hannu har gwiwar hannu, ka lalubo abu, ka ajiye a kan rufin motar. Kwanson harsashi ne. Ka sake zurawa, ka sake, har guda bakwai suka jeru a rana.

Ka ce, “Malik, zo ka karɓi kayanka. Ranar Juma'a da ake kawo amarya, wa ya zauna a gaban motar nan ya leƙo ta taga yana harbin sama?”

Duk garin ya gani. Shi ne da kansa, tun daga ƙofar gidan amarya har ƙofar gidansa bai huta ba.

Ka ce, “Kwanson ya faɗo kan gilashi, ya gangaro, ya shige ta inda robar ta tsage. In mota tana tsaye yana kwance abinsa. Aka taka, sai ya ja baya ya daki ƙarfe yana rawa. Ga bam ɗinka nan, guda bakwai, kuma duk sun riga sun tashi.”

Ustad, Allah ya gafarta maka, bakin nan naka bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba. Tajbar ne ya fara, dariya ta kuɓuce masa ta hanci, sai wani a bayan dutse ya ɗauka. Na ga wuyan Malik ya kumbura. Mutum ne da bai taɓa jin an yi masa dariya ba, ga shi a gaban yaransa, ya nemi inda zai sauke abin. Ya waiwayo ya dube ni. Leɓena a tsage yake ya ɗage sama, haƙoran da suka rage duk a waje. Ya ce, “Kai ma dariya kake min?” Ya ɗago bindigar.

Taku uku ne tsakaninku. Ban san yadda ka yi su ba. Ka cafke bakin bindigar da hannu biyu ka ɗaga shi ka ɗora a kafaɗarka ta dama, sai ta tashi, harbi uku a jere, a jikin kunnenka. Wutar ta ƙone maka gefen gemu, ƙarfen ya ɗauke fatar tafin hannunka, na ji ƙaurin daga inda nake. Jini ya fito ta kunnen ya bi wuya ya shiga riga. Ba ka saki ba. Shi ne ya saki, ya ja da baya yana kallon hannuwansa. Sai ga kiran la'asar yana tasowa daga wani masallaci can ƙasa. Ka ga kowa ya juya kai wajen, sai ka tambaya da ƙarfi, irin ƙarfin wanda ba ya jin muryarsa, “Kira ne? An yi?” Aka ɗaga maka kai. Ka ce, “To na riga shi.” Sannan ka zauna a ƙasa.

Likita a Peshawar ya ce na dama ya mutu har abada, na hagu ma rabinsa ya tafi. Dattawa suka zauna, Malik ya zo ƙofar gidanka da raguna huɗu da malamai, ba rawani a kansa, ya nemi afuwa. Ka karɓa, ka sa aka yanka aka raba wa direbobi. Ni ban karɓa ba. Yatsuna suna warkewa na je na sayo ƙaramar bindiga na ɓoye a akwatin kayan aiki. Kwana biyu ka gano ta. Ba ka jefe ni da komai ba ranar. Ka ɗauko gwangwanin shayin da ka zuba kwanson nan bakwai a ciki, ka girgiza shi a gefen kunnena, ka ce, “Ka ji? Ƙarar mutumin da ya yanke hukunci kafin ya buɗe bonet ke nan. Guda ɗaya ya ishe mu a garin nan. In ka kashe shi suka kashe ka, kunnen nawa a banza ya tafi ke nan?” Na mayar da bindigar inda na sayo ta.

Wata uku kana zuwa gareji ka zauna, ba ka taɓa sandar ba. Ka gwada ta a kunnen hagu ka ce wannan kunnen bai yi makaranta ba. Na ɗauka shi ke nan, na kashe maka sana'a, kuma ban iya haɗa ido da kai ba. Sai wata safiya na iske ka a kan injin wata tasi, ka cire katakon, ka ciji ƙarfen da turamen haƙoranka, ka toshe kunnen hagu da babban yatsa, ido a rufe. Ka buɗe ido ka ce, “Famfon ruwa ne. Sherbaz, ashe haƙori ma yana ji.” Ranar na shiga bayan gareji na yi kuka. Daga nan ka koma aiki kamar da, sai dai yanzu in kana sauraron mota ba ka da kunnen da ka bar wa duniya. Ka mayar da abin wasa. In mai surutu ya zo sai ka juya masa dama ka ce ya faɗi duk abin da ke ransa. In ni ne sai ka ce, “Zagayo ta hagu, ɗana, wancan shagon an rufe.”

Ranar Talatar nan wani mai tasi ya tsaya a bakin titi, ya ce tana kuka in ya taka. Ka buɗe bonet a nan inda ya tsaya, ka sa shi ya taka ya riƙe, ka sunkuya, ƙarfe a haƙori, yatsa a kunnen hagu, damanka wajen titi. Ni ina tsallaken hanya na karɓo mana shayi. Wata tifa ɗauke da tsakuwa ta taho birkinta ya tsinke, direban yana danna hon tun daga nesa yana ihu ta taga. Kowa ya watse. Mai tasin ya yi tsalle ya fita. Na saki butar shayin na kira sunanka, na kira, na kira har muryata ta tsage. Mutum talatin suna kiranka a lokaci ɗaya. Ba ka ɗago ba. Idonka a rufe yake, fuskarka irin ta lokacin da ka kusa ganowa. Ta haɗa ka da tasin ta tura ku har jikin katangar gareji. Da muka ciro ka babu sauran abin da za a kai asibiti. Direban tifar ya zauna a tsakiyar titi yana dukan kansa, ba wanda ya taɓa shi, don kowa ya ji irin hon ɗin da ya yi.

Ni na shiga kabari na karɓe ka, ni da Lal Zamin babban ɗanka. Muka kwantar da kai a gefenka na dama, fuska ga alƙibla. Sai da na gyara maka kai na lura cewa mataccen kunnen ne ya sauka a ƙasa, mai jin yana sama. Na sunkuya na faɗa maka abin da na kasa faɗa shekara shida, cewa na san da me aka sayi raina, kuma na gode. Wannan karon ta hagu na zagayo.

Malik Zarmast ya zo gaisuwa a rana ta uku, ya tsufa, yana dogara sanda, ya ɗaga hannu aka yi addu'a. Ban dube shi ba. Kai ka yafe masa, ni har yau ina fama da zuciyata, ba zan ɓoye ba. Na kuma ji abin da ake raɗawa a bayan zaure, cewa ba tifa ce ta kashe Ustad ba, bindigar Kotal ce. Lal Zamin, kai da ƙanenka Nur Zamin, ni ne na fi kowa sanin gaskiyar wannan magana, don a kaina aka yi. Amma gwangwanin nan yana wurina, kwanso bakwai suna ciki. Duk wanda zuciyarsa ta taso a cikinku ya zo gareji in girgiza masa shi, in gaya masa abin da mahaifinku ya gaya mini. Ya tare harsashi da kansa don kada a haƙa kabari na shida, kada ku zama ku ne za ku haƙa shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarku, wadda ta yi shekara arba'in tana wanke baƙin mai daga rigunansa, da ku, da 'yan'uwanku mata, da jikokinsa, da makanikan hanyar Bannu, da duk direban da ya taɓa tsayawa a ƙofarmu ya tafi da motarsa shiru. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, ya sanyaya zukatan da ke tafasa, har da tawa.

Ya Allah, ga bawanka Bakht Zamin ya zo maka. Ka gafarta masa zafin zuciyarsa da kaifin bakinsa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka karɓi mutuwarsa a matsayin shahada. Ka saka masa da ran da ya tsare a kan dutsen Kotal. Ranar da za ka tashe shi, ka tashe shi da kunnuwansa biyu, ka sa abin da zai fara ji da na daman ya zama sallamar mala'iku a ƙofar Aljanna. Amin.